Sarki Yusa Tsaraki: Wanda Ya Ƙarasa Ganuwar Kano, Ya Kuma Yi Wata Biyar a Badari

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gwarzo, Getso, Kutama, Lakwaya, Kabo, Garo, Godiya, Gammo da duk sauran garuruwanmu na yammacin Kano.

Yau za mu koma baya sosai, kusan shekara 900. In na ce ku kawo sunan sarkin Kano na zamanin da, na san amsar da za ta fara fitowa: Bagauda, sai Muhammadu Rumfa, wanda ya ɗan yi karatu ya ƙara da Yaji. Amma akwai wani sarki a tsakaninsu da ba a cika kiran sunansa ba, alhali mu mutanen yamma mu ya fi shafa. Sunansa Yusa, ana masa laƙabi da Tsaraki. Shi ne sarki na biyar a jerin sarakunan Kano, ya yi mulki daga 1136 zuwa 1194. Abu uku aka riƙe game da shi: ya ƙarasa ginin ganuwar Kano, ya kawo yaƙi ƙasar Ƙaraye, kuma a zamaninsa aka fara amfani da garkuwa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina labarin ya fito?

Kafin wani ya ce a ina na samo, bari mu fara da nan. Akwai wani littafi da aka rubuta da Larabci, ana kiransa Tarihin Kano. Ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Baturen mulki, H. R. Palmer, ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Daga baya, a farkon shekarun 1930, aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Littafin adadin shekarun da kowane sarki ya yi yake faɗa, wane ya yi 40, wane ya yi 60. Shekarun miladiyya da muke gani a yau, lissafa su aka yi, ana tahowa da baya daga sarakunan kusa. Shi ya sa za ku ji an ce Tsaraki ya yi shekara 60, amma in kun cire 1136 daga 1194 sai ku samu 58. Babu kuskure a nan. Shekarar Musulunci ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, to shekara 60 ta wata ita ce 58 ta rana. A lissafin hijira, daga 530 ne zuwa 590.

Haka kuma wajen dangantaka, sai an karanta da lura. Littafin ya kira sarki na bakwai, Gugua, ɗan Gijimasu, alhali ya hau mulki a 1247, fiye da shekara 100 bayan Gijimasu ya sauka. Duk Bahaushe ya san jika da tattaɓa-kunne ma ana ce musu 'ya'yan wane. To da irin wannan idon ake karanta tsohon tarihi.

Gidan da ya fito

Kafin Bagauda, akwai mutane a gindin Dutsen Dala. Masu binciken kayan tarihi sun tono alamun narka tama a wurin da suka kai ƙarni na 7. Mutanen nan suna da shugabanninsu na addinin gargajiya, wanda aka fi sani shi ne Barbushe, suna kuma bauta wa Tsumburbura. Bagauda ya zo a 999, ya zauna a Sheme, ya yi mulki har 1063. Ɗansa Warisi ya gaje shi har 1095. Sai Gijimasu ɗan Warisi, mahaifin Tsaraki, daga 1095 zuwa 1134.

Gijimasu ɗan siyasa ne na gaske. Da gidansu ya matso kusa da Dala, manyan wurin sun yi zargin an zo rushe musu abin bauta ne. Bai zare takobi ba. Kyauta ya riƙa yi wa dattawa har suka sake da shi, suka fara yabonsa. Sai da ya ga ya samu zukatansu sannan ya kawo shawarar a gina birni, ya kuma nemi yardarsu, suka yarda. Ranar da aka fara aikin ya yanka shanu 100. Aka ja ganuwa mai ƙofofi takwas, kuma huɗu daga cikin sunayen har gobe muna amfani da su: Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Waika da Ƙofar Kansakali.

Gijimasu ya yi shekara 40, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, aiki bai ƙare ba. 'Ya'yansa tagwaye, Nawata da Gawata, suka hau tare. Bayan wata bakwai ɗaya ya rasu, ɗayan ma bai daɗe ba ya bi shi. Duka mulkinsu shekara biyu ne. To ku duba halin da Tsaraki ya tarar a 1136: uba ya tafi, 'yan uwa biyu sun rasu a jere, ganuwa a buɗe, ga Santolo can ta ƙi yin mubaya'a, ga mutanen Dala da har lokacin suna kallon gidan sarauta a matsayin baƙi.

Aikin farko: ganuwa

Ganuwar da ba a rufe ba, ba ta da maraba da babu. Maharin da ya zo ai ba zai tsaya inda aka gina ba, inda aka bari zai nema. Wato duk shanun da Gijimasu ya yanka, da duk gumin da mutane suka zubar, sun rataya ne a kan ko wanda ya gaje shi zai ƙarasa. Tsaraki ya ƙarasa.

Ku ɗan yi tunanin yadda aikin yake. Babu tifa, babu katafila, babu siminti. Ƙasa za a haƙa, a ɗebo ruwa, a kwaɓa, a yi tubali, a jira ya bushe, a ɗora, a yaɓe. Kududdufan da ke cikin birnin Kano, da yawansu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Kuma ginin laka ba a gama shi a tafi. Kowace damina sai ta ci wani wuri, kowane rani sai an gyara. Sannan masu aikin nan manoma ne, sai bayan kaka suke da sarari, kuma sai an ciyar da su. Sarkin da zai iya tara dubban mutane shekara bayan shekara, ya ba su tuwo, ya raba musu aiki, ya hana su watsewa, to ya riga ya kafa gwamnati tun kafin ganuwar ta haɗe.

Amfanin ganuwar kuma ya wuce tare mahara. Ba a jikin gidaje aka ja ta ba, an bar fili mai yawa a ciki. Ko a 1824 da Baturen nan Clapperton ya shigo Kano, bayan an faɗaɗa ganuwar, ya ƙiyasta kewayenta ya kai mil 15, da ƙofofi 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin ba, sauran gonaki ne da lambuna. Manufar ita ce in yaƙi ya zo, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ciki, a sha ruwa a ciki. Maƙeri da masaƙi da marini kuwa inda za su kwana da ido biyu rufe suke nema. Haka fatake. Kano da ta zama cibiyar ciniki daga baya, a cikin wannan zoben ta girma.

Aiki na biyu: Ƙaraye da Badari

To nan ne labarin ya iso gida. Tarihin Kano ya ce Tsaraki ya kai hari Ƙaraye, ya yi sansani a Badari har wata biyar kafin mutanen wurin su miƙa wuya. Bayan haka, daga Gurmai har Farin Ruwa aka riƙa kai masa gaisuwar haraji, sannan ya koma gida. An ambaci jarumansa huɗu: Tuje, Fasau, Iyagari da Kamfaragi. Ɗan Gwarzo ba sai an gabatar masa da sunan Badari ba, har yau muna da garin Badari a ƙaramar hukumarmu, Ƙaraye kuwa maƙwabciyarmu ce.

Marubucin littafin daga ɓangaren fada yake kallo, don haka nasarar sarki ya rubuta. Mu kuma mu juya mu kalli labarin daga inda muke zaune. Sarkin da ya iya gama ganuwar Kano, da jarumansa da aka ce ba su san tsoro ba, sai da ya zauna wata biyar. Wata biyar fa! Garin da zai jure haka dole yana da rumbuna cike da hatsi. Dole yana da ruwan da ba a iya tare masa. Dole yana da shugabanni da mutane suke jin maganarsu, don yunwa da tsoro kan raba kan jama'a cikin sati biyu. Wato a ƙarni na 12, yammacin Kano ba daji ba ne. Akwai gari, akwai noma, akwai tsari, akwai dukiyar da ta kai sarki ya bar gidansa ya zo nemanta.

Shi ma Tsarakin, zaman wata biyar ɗin yana gaya mana wani abu game da shi. Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne, tafiyar kwana biyu zuwa uku ga runduna a ƙasa. Ba a barin gida tsawon wannan lokaci sai an tabbata in an dawo za a tarar da shi. Ganuwar da ya rufe ita ta ba shi damar fita. Da ya bar ta a buɗe, da ko wata ɗaya ba zai iya yi a waje ba.

Me ya kawo shi yamma? Ku duba taswira. Ƙasar Ƙaraye tana kan Kogin Challawa, inda aka gina madatsar ruwan nan a farkon shekarun 1990, ƙasa ce ta noma da kiwo. Sannan nan ne bakin iyaka, ta yamma Katsina, ta kudu Zazzau. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da muhimmancin wurin. A zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, a Ƙaraye Kanawa suka gwabza da Katsinawa suka yi nasara, kuma can Wambai Giwa ya koma ya zauna yana fuskantar Katsina. Shi wannan Wambai Giwa shi ne ya faɗaɗa ganuwa ta yamma, har ta haɗa da Ƙofar Kabuga. Duk sanda motar Gwarzo ko ta Kabo ta iso Kabuga, to kun iso wurin aikinsa. A farkon ƙarni na 19 ma, lokacin jihadi, masu jihadin Kano a yamma suka yi hijira, zuwa Kwazazzabo, kuma garuruwa irin su Gammo, Kabo, Godiya da Ƙaraye suna cikin wuraren da aka fara fafatawa. Duk wanda ya so riƙe Kano, sai ya riƙe yammacinta. Tsaraki ne na farko da aka rubuta ya gane haka.

Aiki na uku: garkuwa

Wannan a layi ɗaya aka faɗe shi, amma ba ƙaramin abu ba ne. Mayaƙan wancan lokaci kwari da baka da mashi suke amfani da su. Wanda zai tunkari gari ana zubo masa kibau, in ba shi da abin karewa, ba zai kai bakin ganuwa ba. Garkuwar fata mai kauri ita ta ba mayaƙi damar matsawa. Lifidi da kwalkwali da sulke sai zamanin Kanajeji, 1390 zuwa 1410, fiye da shekara 200 bayan haka. Ku lura, ganuwa da garkuwa aikinsu ɗaya, kariya. Ɗaya tana kare gari, ɗaya tana kare mutum. Kalmar ta zauna a harshenmu har ta zama sarauta, Garkuwan wane, kuma likita ma in zai yi maganar ƙarfin jiki sai ya ce garkuwar jiki.

Abin da ya bari

Ɗansa Naguji ya gaje shi, 1194 zuwa 1247. Shi ne sarkin Kano na farko da ya sa wa manoma harajin ƙasa, kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona. Wato in ka noma dami 80, goma na sarki ne. Ku ga yadda abin ya jeru: kaka ya fara ganuwa, uba ya ƙarasa ya kuma faɗaɗa ƙasa, jika ya sa haraji. Ba a karɓar kashi ɗaya cikin takwas daga manomin da ba a san inda yake ba, ko wanda zai iya cewa a'a ya zauna lafiya. Tsaraki ne ya share wa harajin hanya, kuma kakanninmu na yamma suna cikin masu biya. Wannan ma gaskiya ce, ba ma ɓoye ta don muna yabon sarki. Ita kuwa Santolo ta ci gaba da tirjiya har zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka zo da Musulunci fadar Kano.

Mu leƙa waje kaɗan

Irin wannan labari ba a Kano kaɗai ya faru ba. A Ingila akwai wani sarki, Alfired, da ya mulki ƙasar Weseks daga 871 zuwa 899. Mahara 'yan teku da ake kira Baikin sun kusa cinye ƙasarsa, sai ya ci su da yaƙi a 878. Bayan nan ya shiga gina garuruwa masu ganuwa, kimanin 30, a warwatse yadda manomi zai samu wurin gudu kusa da shi, aka kuma ɗora wa kowane yanki alhakin kawo masu gadi da masu gyara gwargwadon gonakinsa. Shi ma bai ga ƙarshen aikin ba. Ɗansa Edwad da 'yarsa suka ci gaba da ginin, sai jikansa Atalstan ya zama sarkin Ingila gaba ɗaya a 927. Kuma a zamanin Alfired ɗin aka fara tattara littafin tarihin ƙasarsu shekara bayan shekara.

Bambancin shi ne, yaron firamare a Ingila ya san sunan Alfired. A birnin Wincesta ma akwai mutum-mutuminsa a tsakiyar gari. Mu kuma ɗalibin jami'a zai gama digiri a Kano, yana wuce Kansakali kullum, bai taɓa jin sunan Tsaraki ba.

Me ya shafe mu yau?

Na farko, ganuwar. A 1903 da sojojin Lugga suka ci Kano, shi kansa ya yi mamakin girmanta, ya ba da rahoton tsayin da ya kai ƙafa 30 zuwa 50. A 2007 aka sa ta a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Yau ku bi ta gefen badala ku gani. Wani wuri an yanka filaye, wani wuri an gina shaguna, wani wuri an ɗebe ƙasar, wani wuri bola ce. Abin da aka yi ƙarni bayan ƙarni ana yaɓewa duk rani, cikin 'yan shekaru muka zuba ido yana narkewa.

Na biyu, aikin gado. Da Tsaraki ya ce ganuwar babansa ce, shi sai ya fara tasa don a kira sunansa, da Kano ta samu rabin ganuwa biyu, kuma babu wadda za ta tare ko akuya. Ba sai na lissafa muku ba, kowa a cikinmu ya san wani asibiti, ko ajin makaranta, ko hanya, ko tankin ruwa da aka fara aka bari don wanda ya fara ya sauka. Lokacin zaɓe in ɗan takara ya zo da alkawarin sabon aiki, akwai tambayar da ta kamata: na baya da aka bari fa, za ka ƙarasa? Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon har da bashin aiki.

Na uku, mu kanmu. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautu huɗu, Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, Gwarzo da Kabo suka faɗa ƙarƙashin Ƙaraye. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, daga baya ta mayar da Ƙaraye masarauta mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Kun ga zagin da aka yi ta yi a Facebook. Wani ya ce Ƙaraye ba ta da tarihi, wani ya ce Kano 'yar mamaya ce. Ni ba na nan don in zaɓar muku ɓangare. Abin da ke rubuce shi ne, Ƙaraye gari ce mai ƙarfi tun ƙarni na 12, har ta tsayar da sarkin Kano wata biyar. Kuma abin da ke rubuce shi ne, tun wancan lokaci ƙasar nan da Kano suke ɗaure da juna, da daɗi da wuya. Duk mai son yin musu ya riƙe duka biyun, kada ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Ga aikin da nake roƙon mu yi. Littafin fada ya ba mu layi uku ko huɗu a kan yankinmu. Sauran labarin yana bakin dattawa, a Badari, a Getso, a Godiya, a Ƙaraye. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Ka je ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka nemi izini, ka zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru. Ka ce, Baba, ina tsohon garin yake? Akwai ganuwa? Ina ƙofofinta? Su wa suka fara zama? Ke ma 'yar uwa, ki tambayi Inna ko Goggo, don tsofaffin mata sun fi kowa riƙe asalin dangi da waƙoƙin daka. A rubuta sunan gari da ranar da aka yi hirar. In akwai kufai ko ragowar ganuwa, a ɗauki hoto kafin garma ta bi ta kai. Wanda ya samu wani abu ya turo mana, za mu karanta shi a shiri, da sunan garin da ya fito.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko Naguji da harajinsa, mu ga yadda aka taho daga kashi ɗaya cikin takwas har zuwa kuɗin ƙasa da jangali. Allah ya jiƙan magabatanmu Musulmi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.